Tumbin Isiyaku

Shamsiyya na tsakar gida tana tsinkar zogale, sai ga Hajiya Hajo, uwar mijinta, ta yi sallama riƙe da langa. Ko gaisuwa ba ta amsa ba ta dire langar ta buɗe. Farfesun jelar sa ne, kitse na yawo a kai, man shanu ya kwanta kamar an yi ɓarinsa.

"A ba shi ya ci," in ji Hajiya. "Tunda ke kin mayar min da ɗa akuya, kullum ganye."

Shamsiyya ta sunkuyar da kai ta ce to. Hajiya na fita ta shige ɗaki ta sha kukanta ta ƙoshi.

Isiyaku shi ne ɗan Hajiya namiji tilo, mai shagon atamfa a kasuwar Kwari. Tun yana saurayi jikinsa ba na wasa ba ne, da ya yi aure kuwa abin ya wuce misali. Mutanen Ƙofar Na'isa in sun ga tumbinsa ya riga shi fitowa daga soro sai su ce Alhaji ya samu hutu. Hutun me? Shamsiyya ce ta san ko takalmi ya sunkuya zai saka sai ya yi haki. Salla a zaune yake yi. A ɗakin Hajiya ma an ajiye masa kujerar ƙarfe, domin ya daɗe ba ya iya durƙusawa ya gaishe ta, sai dai ya zauna yana kallon mahaifiyarsa daga sama kamar wani baƙo.

Ranar da jiri ya kayar da shi a shago aka kwashe shi zuwa asibiti, likita bai ɓoye masa komai ba. Jininsa ya hau, suga kuma na bakin ƙofa. Ya ce kitsen ciki ba a zaune yake kawai ba, akwai sinadarin da yake aikawa cikin jini ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. In kitsen ya yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon, mutum ya yi ta ci ba ƙoshi. Maganinsa kuwa motsa jiki ne ba fashi, da rage maiƙo.

Shamsiyya ta riƙe maganar nan gam, don tana son mijinta, kuma ba ta shirya zama bazawara ba. Ana sallame asuba sai ta ɓoye makullin mota, ta miƙa masa takalmin kambas, ta ce, "Sori, Yaya, yau ma sai ka taka har Kabuga." Haka zai bi gefen badala yana jan ƙafa yana mita, ya dawo sharkaf da gumi. Da tafiya ta yi tafiya har Goron Dutse ya fara hawa. Amma da ya hau sikeli ya ga nauyin bai wani ragu ba, ya ce shi fa ya gama, wahalar banza ce. Ba ta yi musu ba. Wandonsa ta ɗauko ta nuna masa inda zariya ta koɗe don ɗauri, da inda yake ɗaurewa yanzu, tsakaninsu ya fi taƙi guda. Likita ma ya ce haka ne, kitse ke narkewa tsoka na maye gurbinsa, ita kuwa tsoka ta fi nauyi.

To, ga inda matsalar take. A shekarar ce sojoji suka koma bariki, duk wanda ya shiga siyasa tumbi yake ajiyewa, sai ga ɗan Hajiya yana zubewa, babbar riga na lilo a jikinsa. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce ciwon zamani ne, masu ƙarfin hali suka ce matar ce ta shanye shi. Duk wanda ya je gaida Hajiya sai ya bar mata tasa. Shamsiyya ta daina zuwa biki saboda kallo, amma ko rana ɗaya ba ta mayar wa Hajiya magana ba, kuma ba ta fasa miƙa kambas ba.

Ƙarshe Hajiya ta aiko: ran Juma'a su zo su biyu, ko ya saki Shamsiyya, ko ita ta sallama shi.

Suka je bayan an sauko daga masallaci. Kawu Sule, ƙanen Hajiya, yana gefe ya baje nasa tumbin a matsayin shaida. Shamsiyya ta raɓe a bakin ƙofa. Kujerar ƙarfe na nan inda take kullum. Isiyaku ya dubi kujerar, ya sa hannu ɗaya ya ɗauke ta gefe, ya durƙusa gwiwa biyu a kan tabarma, kansa ƙasa da na mahaifiyarsa.

"Barka da yini, Hajiya."



"Yau a sahu na yi Juma'a, a tsaye, goshina ya taɓa ƙasa," in ji shi. "Wadda kike so in saka, ita ta dawo min da wannan. Ba zan ƙetare maganarki ba, amma ki dube ni tukuna."

Ta dube shi kuwa. Ba haki, ba gumi, idonsa garau. Sai ta tuna mahaifinsa, marigayi Alhaji Musa, wanda ita da kanta take alfahari da ƙibarsa har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a soro bai sake tashi ba. Hawaye suka ɓalle mata.

"Na ɗauka har in mutu ba za ka sake durƙusa min ba," ta ce. Ta miƙa wa Shamsiyya hannu. "Zo nan, 'yata. Na zalunce ki, ki yafe min."

Shamsiyya ta faɗa jikinta suka yi ta kuka, wannan karon na daɗi. Kawu Sule ya yi gyaran murya, ya shafa cikinsa, ya tambaya a hankali ko ƙarfe nawa ake fita da safen.

Jama'a, ƙiba ba ita ce arziki ba, lafiya ce, kuma macen da ta jure zagi don ran mijinta ta fi mai cika masa kwano don a yabe ta. Haƙurin Shamsiyya bai faɗi ƙasa ba. A ranar Hajiya ta sa aka fitar da kujerar nan daga ɗakinta, yanzu tana bakin rijiya, a kanta ake kife tukwane.