Gahawar Da Ta Huce

"Ke Rawan! Ganyen inabi kike naɗewa ko waya kike kallo?"

Umma ce ta faɗa tana turo mata kwanon shinkafar da ake naɗewa a cikin ganyen. Laraba ce, saura kwana biyu dangin Mu'taz su zo neman auren Rawan, gidan mahaifinta Abu Laith da ke birnin Irbid na ƙasar Jordan ya kacame da aiki. Ita kuwa sai murmushi take, don saƙon Mu'taz ne ya shigo: "Rijiyarki na nan lafiya, Gimbiya."

Rijiyar a cikin gem ɗin waya take, wani sabo mai suna Zamanin Ƙishi da za a saki wata mai zuwa. Yanzu gwaji ake yi, kuma masu shi sun ce duk ƙungiyar da ke riƙe da rijiya ranar Lahadin da za a rufe gwajin, ta zama tata ke nan har abada. A hamadar gem ɗin marar ruwa ba ya noma, ba ya gini, sai roƙo. Wata uku Mu'taz da 'yan uwansa su ashirin suna haƙa tasu suna zagaye ta da katanga. Ya raɗa mata suna Rawan, ya damƙa wa mai sunan mabuɗin ƙofa.

Yayanta Laith ma yana da tasa ƙungiyar, tasu rijiyar kuwa ta ƙafe ƙaf.

Shi ne ya leƙo kicin ɗin. "Ara min wayarki, tawa ba caji. Mai kujeru zan kira."

"Ɗauka mana Yaya, ai ka san lambar," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Bayan la'asar Mu'taz ya kira. Babu sallama, babu Gimbiya.

"Me na yi miki, Rawan?"

"Kamar yaya?"

"An buɗe wa mutanen Laith ƙofa, sun kwashe komai, sun ƙwace rijiyar! Ga sunanki nan ɓaro-ɓaro a allo, ƙarfe sha ɗaya da kwata!"

"Wallahi ba ni ba ce—"

"To aljani ne? Kin san abin da 'ya'yan baffana suka je suka gaya wa mahaifiyata? Wai wadda ta buɗe wa yayanta ƙofa yau, gobe gidana za ta kwashe ta kai musu. An ɗage zuwan Juma'a!"

Ƙit, ya kashe. Ƙarfe sha ɗaya da kwata hannunta na cikin shinkafa, wayarta kuwa na hannun Laith. Ta sami Laith a baranda yana shan shayi yana dariya da wayarsa, wadda ashe cajinta cike yake taf.

"Yaya, da wayata ka ci amanata?"

"Ke, gem ne fa! Yaƙi ake, kowa ruwa yake nema. In a kan rijiyar ƙarya zai fasa aurenki, dama can ba miji ba ne."

"Rijiyar ce ƙarya. Yardar da ya yi min fa, ita ma ƙarya ce?"

Ya ɗaga kafaɗa, ko a jikinsa. Rawan ta shige ɗaki ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Abu biyu suka haɗu mata: ɗan'uwan da ya sayar da ita saboda ruwan da ko tsuntsu ba zai sha ba, da masoyin da bai iya tsayawa ya ji ta bakinta ba. Na biyun ya fi yi mata ciwo.

Kalma ɗaya za ta wanke ta. Amma ta san zafin Abba, ta san samarin gidajen biyu. Tana ambaton Laith, rigimar za ta fito daga waya ta sauka a titi, sannan babu gahawar da za ta sake haɗa su. Ta haɗiye maganar.

Ranar Juma'a mota ta zo ta kwashe kujeru sittin da ba wanda ya zauna a kai, maƙwabta na leƙe ta taga. Abba ya kira ta gaban kowa.

"'Yata, me kika yi wa mutanen nan?"

"Ban yi musu komai ba, Abba."

"To wa ya yi?"

Ta dubi Laith sau ɗaya tak, ta sunkuyar da kai. "Allah ya sani."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Laith ya tashi ya fita bai taɓa abincinsa ba.

Washegari da hantsi Ghaida, ƙanwar Mu'taz, ta kira ta tana raɗa. "Rawan! Yayanki na falonmu! Baffa ya zuba masa gahawa, shi kuwa ya ajiye finjalin a ƙasa bai sha ba!"

Rawan ta miƙe tsaye. A al'adarsu baƙo ba ya ajiye finjali, ɗan kofin gahawa, sai da buƙata a bakinsa, kuma ba zai sha ba sai an biya masa ita.

"Me ya ce?"

"Ya ce shi ya ɗauki wayarki da ƙaryar kiran mai kujeru. Ya mayar da rijiyar tun da safe, har mutanensa sun kore shi daga ƙungiyar. Wai ba don kansa ya zo ba, sunanki yake so a wanke a gaban duk wanda ya ɓata shi. Ke, kin ga Yaya Mu'taz kuwa? Kamar an watsa masa ruwan sanyi! Baffa sai faɗa yake, wai a kan rijiyar da ba a alwala da ita aka kunyata dattawa!"

Juma'ar da ta biyo baya kujeru sittin suka dawo, suka cika. Laith ne ya zuba gahawa. Baffan Mu'taz ya ajiye finjalinsa ya nemi auren, kowa ya zuba wa Abba ido ana jiran ya ce a sha. Sai Abba ya miƙe ya shiga ciki wurin Rawan.

"Me zan ce musu, 'yata?"

"Su ɗan jira, Abba. Akwai wanda zai fara magana."

Aka kira Mu'taz bakin ƙofar falon mata, ya tsaya kansa a ƙasa.

"Rawan, na ga sunanki a allo, sai hankalina ya gushe."

"Allo ya faɗa ka yarda. Ni na rantse maka ka kashe waya."

"Na yi kuskure. Ki yafe min, don Allah."

"Mabuɗin rijiyarka na mayar maka, ba na so. Abu ɗaya nake nema: duk ranar da aka kawo maka maganata, ni za ka fara tambaya."

"Na yi alkawari," ya ce, hawaye na zubo masa a gaban Umma da kowa.

Sannan Abba ya koma ya ce, "Ku sha gahawarku, mun ba ku." Baffa ya kurɓa ya yamutsa fuska, don ta huce sarai, amma ya shanye tas.

Haƙurin Rawan ya tsare gidaje biyu, ya kuma dawo mata da mutuncinta. Amana ba ta da wasa ko a cikin wasa, kuma duk wanda kake ƙauna, ka ji ta bakinsa kafin ka yanke masa hukunci. Laith dai har aka saki gem ɗin bai sami ƙungiyar da ta yarda ta ba shi mabuɗi ba.