Man Gyaɗa a Layin Jirgi

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, 2025, aka zalunci Gudiya. Na rubuta ranar don kada a ce tsufa ya sa na ruɗe.

Sunana Malam Arzika. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa tsakanin Jega da Maiyama. Da na yi ritaya, abokin aikina Malam Joel ya ba ni ɗan jirgin ƙasa na wasa. Yana da taragu uku da layin ƙarfe mai zagaye. Wutar batir ce ke bi ta layin ta shiga ƙafafunsa.

Jikata tana aji biyar a wata firamare a Aliero. Ta roƙe ni jirgin don darasin kimiyya, na ara mata.

A ranar nan jirgin ya ƙi tafiya sosai. Ya yi gaba, ya tsaya, yana ƙas-ƙas-ƙas. Malamin ajin, Malam Kamaluddeen, ya ce, "Wa ya taɓa shi daga ƙarshe?"

Aka ce Gudiya, wata 'yar ajin, ita ta ɗaga shi. Nan take ya cire ta daga ƙungiyar kimiyya. Yara suka sa mata suna Ɓata-Jirgi. Kwana uku ba ta zo makaranta ba.

Da na ji, na ɗauki sandata na tafi.

"Malam, ka duba jirgin kafin ka yanke hukunci?"

"Baba, ai yara duk sun gani."

"Mi suka gani? Kawo shi nan."

Na cire taragun, na kunna kan jirgin shi kaɗai. Ƙarar tana nan.

"Ke nan ba taragu ba ne," na ce wa yaran. "Ku kasa kunne. A wuri ɗaya yake ƙara, ko ko'ina?"

"Ko'ina, Baba!"

"To, ƙarar a cikinsa take."

Na buɗe shi. Ga ɓawon albasa, siriri, ya manne a haƙoran da ke juya ƙafafun. Sai na goga farin tsumma a kan layin. Ya fito baƙi, yana maiƙo. Na miƙa wa malamin.

"Shinshina."

Ya shinshina. "Kamar ƙuliƙuli."

"Man gyaɗa ne. Shi ya hana wuta shiga ƙafafun, shi ya kama ɓawon. Ɗagawa kawai Gudiya ta yi. Ɗagawa tana zuba mai?"

Jikata ta sunkuyar da kai.

"Kaka, ni ce," ta ce. "Na ga Inna tana sa wa ƙofa mai idan tana kuka. Na ce bari ya yi gudu sosai. A zauren gidanmu da ake tara albasa na zuba masa."

"Zuba man kuskure ne, kowa yana yi. Da aka kori Gudiya, mi kika ce?"

"Ban ce komai ba. Tsoro na ji."

"Wannan ne laifin."

Na ba ta auduga da sifirit, ruwan da ke cire maiƙo. Ita ta goge layin kaf, ta goge ƙafafun. Na cire ɓawon da tsinke. Na ɗiga wa haƙoran man keken ɗinki da bakin allura, ɗigo ɗaya tak. Jirgin ya zagaya sumul.

Da yamma muka je gidan su Gudiya. Washegari a taron safe, jikata ta tsaya gaban makaranta duka.

"Gudiya ba ta ɓata jirgi ba. Ni ce. Ki yafe mini."

Gudiya ta ce, "Na yafe. Amma ni zan kunna shi yau."

Aka yi dariya. Ita kuwa ta kunna.

Yara, ku riƙe wannan. Kada ku gyara abu kafin ku gano abin da ke damunsa. Kada kuma ku yi shiru a hukunta wani da laifinku.

Saura mutum ɗaya. Malam Kamaluddeen, ka maida Gudiya ƙungiya, na gode. Amma a gaban aji ka kore ta, ba a ofis ba. 'Yar aji biyar ta tsaya ta ba da haƙuri. Ranar Litinin, ƙarfe takwas saura kwata, zan zo taron safe. Ina so in ji naka da kunnena.