Rabon Baba Tun Yana Raye

"Wallahi na gaji da jira, Auta!" in ji Dogo, mai gyaran wutar da ya daɗe yana neman aurenta. "Kullum sai ki ce Baba..."

"To wa zan bar wa shi? Shigo ka gani da idonka!"

Ta wuce gaba zuwa falo. Babu labule, babu darduma. Inda agogo yake a da, sai farin zagaye a bango. Tun da Baba ya yi ritaya yake raba kayansa ɗaya bayan ɗaya, alhali ko ciwon kai ba ya yi. Muryarsu ma dawo musu take yi, kamar wani na maimaitawa daga ɗakin marigayiya Mama.

Baba na kan kujera ɗaya tilo da ta rage, yana fuskantar ƙofar ɗakin, yana gyaɗa kai kamar mai sauraro.

"Ta ce ku matso," ya ce, bai juyo ba.

Auta ta dubi ƙofar ɗakin. "Wa, Baba?"

"Lauya ya zo ɗazu. Mota ta Yayanki ce, fili na Yayarki. Gidan nan kuma na sayar. Kowa ya karɓi nasa ina gani, kada ku tsaya gaban alƙali a kaina."

"Ka sayar?! Ina za mu zauna?"

"Mu? Ni Yayanki ya gyara min ɗaki. Ke kuwa muddin ina cikin gidan nan ba za ki fita ba. Kin zama mai gadin tsoho, uwata. Kullum mahaifiyarki sai ta yi min faɗa."

"Mama ta rasu, Baba..."

"Na sani mana. Ni na sa ta a kabari."

Sai a lokacin ya juyo, ya ƙare wa Dogo kallo. "Kai, sarkin tsayi. Abu ɗaya ya rage min, lauya ya ce ba ya shiga takarda. Kana so?"

Dogo ya zube ƙasa. "Ina so, Baba! Da raina ma..."

"Ni ba za a tambaye ni ba?" Auta ta faɗa, tana dariya hawaye na zuba.

Aka ɗaura aure. Ranar da za a miƙa makulli ga wanda ya sayi gidan, da hantsi, suka zo ɗaukar Baba. Suka same shi a kujerarsa cikin fararen kaya, takalmansa a jere, ko jaka bai haɗa ba. Jikinsa da sauran ɗumi. Hannunsa na dama a miƙe gefe, yatsun a lanƙwashe, kamar ya riƙe hannun wani.

"Baba! Baba, mun zo..."

Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Bayan kwanakin zaman makoki, Dogo ya share mata fuska da tafin hannunsa.

"Taso mu tafi gida, abar ƙaunata."

Ta ɗan tsaya, kafin ta gane wane gida yake nufi. Sannan ta miƙa masa hannu.