Ajiyar Yaya Nura

"Wa yac ce ka taɓa ta?"

"Ke Najiba, wasa na fa. Kin tasa ni gaba kamar na sai da gonar gidanku."

"Da gonar kas sayar da na yafe ma. Ina ajiyar Yaya Nura?"

"Ta tambaye ni wani abu, nic ce awo. Ni Turancin nan nika ji?"

"Ka ji na rubuta sunanka ai. Attahiru. Da manyan baƙaƙe, kamar allon kanti."

Ya yi dariya, ya ɗauki makullin mashin ɗinsa ya fita. Dariyar ce ta ja masa.

Attahiru ɗan Kawuna ne, taubashina, kabu-kabu yake yi tsakanin Fakku da Kebbe. Ya ari kwamfutar ne wai zai kalli ƙwallo. Ita kwamfutar ta yayana ce, Nuraddeen, ya sayo ta kwance a Tambuwal lokacin yana makaranta, da wani tsohon gem a ciki, wasan kwamfuta wanda ya girme ni. Jarumi ne da takobi da doki, yana bin gari gari yana tara abokan tafiya, su ratsa daji da kogo har su kai wata ƙofa a ƙarƙashin dutse. Mutanen ciki ba sa magana, rubutu ke fitowa. Yaya ya karanta ya fassara, ni in sa musu murya, don tun ina ƙarama ba wanda zai yi magana gabana sau biyu ban ɗauke shi ba. Tsoho mai sandar tsafi na ba shi muryar Kawu in an taɓa masa rediyo. Sarauniyar ruwa ta samu ta Hadijatu mai ƙosai. Shi jarumin Yaya ya sa masa sunansa, don haka muryar Yaya nake masa, yana zaune kusa da ni yana dariya har ya shaƙe. Ba ya wuce rijiya a gem ɗin bai tsaya ya ba dokin ruwa ba, kuma daga ni sai shi muka san haka.

Mun kai bakin ƙofar ƙarshe ya ajiye wasan, ya ce sai ya warke mu buɗe tare. Zazzaɓi ne. Bai warke ba.

Ban taɓa buɗe ƙofar ba. Nakan kunna in gan shi tsaye da shuɗiyar alkyabba iska tana kaɗa ta, in ce masa sannu da tsayuwa, in amsa wa kaina da muryarsa, in kashe. Wurin ajiya ɗaya ne tak a gem ɗin. Shi Attahiru ya hau kai da sabon wasa, na Yaya ya goge.

Kafin in share jaruminsa sai da na tuɓe masa sulke, na kai shi tsakiyar kuraye na saki hannu. Na maimaita har na gaji. Sannan na fara daga farko, na sake rubuta Nuraddeen. Komai yana nan yadda na san shi: gadar igiya, mai kwalekwalen da ke ƙarya, kiɗan sarewa na ƙauyen farko. Amma duk inda hanya ta rabu ba na tuna wadda Yaya ya bi. Jarumin nawa ne, sunan kawai na Yaya. Kullum na kunna sai haushin ya ƙaru.

Mai cajin unguwarmu wayoyi kawai yake karɓa, sai an kai kwamfuta Kebbe. Ranar da cajinta ya ƙare na sa Attahiru ya kai ni, na kuma ja ƙafa da gangan a gidan ƙawata har rana ta yi ja.

"Ke, magariba za ta iske mu mashigi," in ji shi.

"Tsoro kaka ji?"

"Ni? Hau mu tafi."

Ƙarshen damina ne. Gero ya fi mutum tsawo ta kowane gefe, iska na kawo warin laka da kashin shanu. Mun wuce wasu makiyaya suna kora gida, daga nan ba mu ƙara gamuwa da kowa ba. Kwamfutar tana cikin jaka a bayana, a kashe, da sauran ɗumin caji.

A mashigin rafi dole fasinja ya sauka. Yashi ne mai cin taya, sai mai mashin ya kashe ya tura ta gefen dama inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Ta hagu kuwa gurbi ne da masu ɗiban yashi suka haƙa, ruwan kore, ba a ganin ƙasansa. Bayan gurbin akwai tsohuwar tsamiya wadda ko awaki ba sa kwana ƙarƙashinta.

Na sauka. Ya duƙa yana turawa yana mita. Na zame cikin gero ta wannan gaɓar, na tsuguna, na sa tafin hannu a baki.

Muryar Yaya daga ƙirji take fitowa, da ɗan kaushi a ƙarshe.

"Attahiru."

Ƙarar taya cikin ruwa ta tsaya.

"Attahiru. Mi niy yi ma?"

Kowa a garinmu ya san ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba, balle da almuru, balle a bakin ruwa. Iyaye tun kana rarrafe suke faɗa maka. Na ɗauka zai yar da mashin ya zura da gudu, in samu labarin da zan yi shekara ina ba mata a gidan biki.

Sai ya ce, a hankali, "Na'am, Nura."

Na danne baki kar dariya ta kuɓuce mini.

"Taho."

Ba ni na faɗa ba.

Hannuna yana kan bakina. Muryar ta fito ne daga can, daga gindin tsamiya, ƙetaren gurbi. Muryar Yaya ce, da kaushin da komai. Ta fi tawa kama.

Kwaɗi suka yi shiru gaba ɗaya, kamar an rufe su da ƙwarya.

Mashin ya faɗi gefe. Warin fetur ya taso. Attahiru ya juya hagu, hannuwansa a sake, ya sa ƙafa cikin koren ruwan.

A bayana sarewa ta fara busa.

Na san kiɗan. Ba na ƙauyen farko ba ne. Na bakin ƙofa ne, wanda ban ƙara ji ba tun ranar da aka goge.

Na sauke jakar na buɗe kwamfutar a kan gwiwata. Tana kunne. Ga dutsen, ga ƙofar. Ga shi tsaye da shuɗiyar alkyabba, da takobin da muka sha wahala kafin mu samu, da abokan tafiyarsa a bayansa, kowa inda muka bar shi. A ƙasa wani siririn layi yana cika, irin wanda ke fitowa in ana ajiya.

Attahiru ya ƙara taku. Layin ya matsa.

Ya ƙara. Ya matsa.

"Ki bari ya ƙaraso," in ji muryar, can ƙasa ƙasa, kamar a bayan kunnena. "In ya ƙaraso, na dawo."

Ruwa ya kai masa gwiwa.

Na dubi alkyabbar tana kaɗawa. Na tuna dariyar da ya yi da makulli a hannu. Na ce a raina, gwiwa ce kawai. Ya ɗanɗana.

Ruwa ya kai cinya. Layin ya wuce rabi.

Ban motsa ba.

Wani wari ya zo daga tsamiyar, kamar rigar da ta kwana cikin randa.

Ƙugu.

"Attahiru," na ce, da tawa muryar. Ta fito ƙarama. Bai ko waiga ba.

Abin ya ji na fara rawa. Sai ya sauya murya. Ya ɗauko ta Innarmu, da sanyinta, da yadda take jan numfashi kafin ta yi magana.

"Najiba, ɗiyata. Bar shi. Ki maido mini Nuraddeen."

Nan na gane.

Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Ko ranar da aka fito da shi a makara, cewa ta yi, "Ku bi da yaron nan a hankali." Duk mai kwaikwayon da ya zauna da mutane ya san muryar mutum rabi ce, sauran rabin abin da ba zai taɓa faɗa ba ne. Wannan ya iya ɗaukar sauti, amma bai taɓa zama tsakar gidan kowa ba. Wanda ke ƙarya da bakin Inna, ba Yaya zai maido mini ba.

Ruwa ya kai ƙirji. Saura ɗan tsinke layin ya cika.

Na rufe kwamfutar.

Sarewar ba ta daina ba.

Na miƙe. Ban iya iyo ba. Ba sanda, ba igiya, ba kowa. Maƙogwaro kawai gare ni.

Na ɗauko Malam Siddiƙ, ladanin masallacin unguwarmu, tsohon da muryarsa ke rawa kamar zare. Na yi gyaran muryarsa sau biyu yadda yake yi. Na toshe kunne da yatsa, na fuskanci gabas, na ce Allah ka yafe mini, na ɗaga.

"Allahu Akbar, Allahu Akbar."

Reshen tsamiya ya girgiza, babu iska.

Na ci gaba. Daga gindinta wani abu ya soma bina, yana son ɗaukar muryar Malam yadda ya ɗauki sauran. Ya kama rawar. Ya kama gyaran muryar. Kalmomin ne suka ƙi fita. Sai wani gurnani, kamar ana jan turmi a kan dutse.

Da na kai shahada, sarewar ta yanke.

Wani abu mai nauyi ya faɗa gurbin ta can ƙetare. Ruwa ya taso ya bugi Attahiru a haɓa. Ya yi tari, ya dubi hagu da dama, ya fara kiran Innarsa.

"Juyo, shashasha," na ce. "Nan. Bi muryata."

"Wace?"

"Wagga da ka saba ji tana zaginka."

Ya juyo. Na shiga har gwiwa na kamo wuyan rigarsa. Wani abu mai santsi ya shafi ƙwaurina ya wuce. Ban duba ba. Mashin ya ƙi tashi, muka tura shi tare har gari. Sai da muka hango fitilun shaguna kwaɗi suka dawo da kuka.

Washegari na kunna kwamfutar. Wurin ajiya fanko. Ba na Yaya, ba nawa da na yi makonni ina bi. Na gwada ce masa sannu da tsayuwa in amsa, sai iska ta fito. Ina yin Kawu, ina yin Hadijatu, ina yin Malam Siddiƙ har matarsa ta amsa. Muryar Yaya ce kaɗai ta tafi, har yau ba ta dawo ba. Saura ɗan tsinke layin nan ya cika. Nakan tuna da hakan in na ga Attahiru yana cin tuwo da hannu biyu, kuma ba zan ce na huce ba.

Shi kuwa ya yi kwanaki yana rawar ɗari. Ya daina bin mashigi bayan la'asar, kuma ko a tasha ka kira shi daga baya ba zai amsa ba sai ya zagayo ya ga bakinka.

Ranar da ya fara zama, muka taru a ɗakin Innarsa, da Kawu da Inna da ni, hayaƙin turaren da aka yi masa bai gama fita ba. Kawu ya kashe rediyo, abin da ba ya yi ko don baƙo.

"Attahiru, dube ni nan. Da kana cikin ruwan nan an ga bakinka na motsi, in ji wagga. Mi ad da kai? Mi yac ce ma?"

Attahiru ya ja bargo har wuya. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya dubi jakar kwamfutar da ke jingine a bango.

"Baba, cewa yay yi in an sake farawa, a riƙa ba dokin ruwa."