Ɓatan Fuskar Kaka Mindius

Gari bai gama wayewa ba Sanata Numerius Mindius ya buɗe akwatin kakansa ya tarar da shi wayam.

Kamar kowane babban gida a Roma, bangon zaurensa jere yake da ƙananan akwatunan katako, kowanne ɗauke da fuskar kakin zuma ta wani kaka da ya riƙe muƙami. Duk ƙananan masu muƙami ne in ban da Mindius Tsoho, wanda ya taɓa zama konsul, kujerar da babu ta sama da ita a garin nan. Fuskarsa ce ta ɓata. Kuma washegari ne zaɓe, kujerar nan ce Numerius yake nema.

Abokin takararsa, Ofellus, ya daɗe yana yaɗawa a dandali cewa mahaifin Numerius ba jinin konsul ba ne, wai jariri aka sayo a kasuwar kayan miya aka kwantar a ɗakin uwargida. Don haka Numerius ya yi shela cewa yau zai buɗe akwatunan kakanninsa kowa ya gani. Ga masu gaisuwar safe sun fara taruwa a ƙofar gida. In suka shigo suka ga akwati babu kowa, kafin azahar duk Roma ta ji cewa kakan da kansa ya gudu ya bar jikan ƙarya. Mu kuwa mutanen garin nan, ba mu da abin so kamar irin wannan labari.

Ihunsa ne ya fito da yayarsa Mindia, dattijuwar da ta binne miji biyu, ba ta kuma tsoron na uku. Ta same shi tsaye cikin farar togarsa, mayafin da 'yan takara ke yafawa, allin da aka goge ta da shi yana zuba saboda rawar jiki.

"Yaya, na shiga uku! Ofellus ya sace Kaka!"

"Daina girgiza, kana zubar mana da alli a ƙasa," in ji ta. "Matsa in gani."

Ta duba sakatar akwatin, lafiya lau. Ta sa yatsa a ciki ta shafa, ya fito fes. Ta buɗe na kusa da shi ta shafa, yatsan ya fito baƙi ƙirin, har da yanar gizo. Sai ta sa a kira Sirus mai tsaron ƙofa, ta ce kada a buɗe wa kowa tukuna.

Sirus ya zo a tsorace, don ya san a gida irin wannan, in abu ya ɓata bayan bawa ake fara tambaya.

"Kwantar da hankalinka, baki kawai nake so," in ji Mindia. "Jiya wa ya fita da kaya?"

"Ranki ya daɗe, babu kowa sai Tukka, bayan cin abincin yamma. Da ƙunshi a adikonsa."

"Ka duba?"

"Kullum ina dubawa. Rabin kaza ne da zaitun."

"Tukka!" Numerius ya daka tsalle. "Shi ne! An ce min yana cin abinci a gidan Ofellus!"

Tukka ɗaya ne daga cikin masu raɓar manya, waɗanda gaisuwa ce sana'arsu. Ba a sha wahalar nemansa ba, shi ne na farko a layin ƙofa. Aka shigo da shi ta ƙofar gefe.

"Tukka, gaskiya ne kana cin abinci a gidan Ofellus?"

"Uwar ɗakina, ciki ba ya zaɓe. Da rana can, da yamma nan. Amma ƙuri'ata taku ce, miyarku ta fi daɗi."

"Fuskar konsul ta ɓata."

Tukka ya saki baki. "Haba! Wa zai saci abin da ba a ci?"

"Wanda aka biya."

"Na rantse da Jupiter, da Ofellus ya samu fuskar nan, da tun asuba tana rataye a dandali, ana kaɗa mata ganga. Mutumin da ba ya iya ɓoye ko sabon takalmi?"

Mindia ta yi dariya, don gaskiya ya faɗa. Ta sa a kai shi madafa a ba shi burodi, a kuma rufe ƙofa da shi a ciki, don bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.

Saura Aulus, ɗan sanata, wanda kowa ya san ba shi da abokai sai 'yan wasan kwaikwayo. Numerius har ya fara zargin ya ara musu fuskar su yi wasa da ita. Aulus ya fito yana hamma.

"Gwaggo, ni? Tun ina yaro ko kallon akwatunan nan ba na iya yi. Kuma jiya tun safe ina bayan Baba a dandali muna gaisawa da mutane. Dubi hannuna, har ya kumbura."

"Ka dai yi barci, na gani."

"Ina fa! Sabidia ta hana ni. Sai juyi take yi, ga gashinta yana warin hayaƙi kamar an kyafe ta."

Sabidia ita ce amaryarsa, 'yar wani attajirin manomi daga ƙauyukan Umbria, yarinya mai fara'a wadda ba ta iya ganin ƙura ta wuce. Mindia na jin haka ta nufi madafa. Ta samu kuku yana mita shi kaɗai, Tukka na gefe yana aikinsa na cika ciki.

"Me aka taɓa maka?"

"Ranki ya daɗe, kanwata! Jiya da rana na ajiye ta, na dawo babu rabi. Sannan amarya ta zo da yamma ta ce a kawo ɗanyen itace, wai za ta kyafe cuku irin na garinsu. Ta ce kada kowa ya hau rumfar hayaƙi. Ni da madafata!"

"Wutar tana ci har yanzu?"

"Yanzu na ƙara mata itace."

"Kashe ta! Maza! Kawo tsani!"

Ba wanda zai ce matar nan ta haura sittin in ya ga yadda ta hau tsanin nan. A can sama, tsakanin dunƙulen cuku da naman da ake kyafewa, ga Mindius Tsoho, konsul na Roma, yana lilo a jikin igiya. Kakin ya ɗan yi laushi amma bai narke ba. Ta naɗe shi a mayafinta ta sauko, tana tari tana dariya.

A zaure ta tara mutanen gidan, ta sa aka kira Sabidia. Yarinyar na ganin ƙunshin ta durƙusa ta fashe da kuka.

"Ɓarawo ba ya share wurin da ya yi sata," in ji Mindia. "Akwatin Kaka ne kaɗai aka goge fes. Wanda ya ɗauke fuskar mai ƙaunar tsabta ne, kuma da niyyar mayarwa ya ɗauka. Fuskar ba ta fita ta ƙofa ba, Sirus ya shaida. Kanwa ta ɓata a madafa, ita kuwa wanki ake yi da ita. Duk wanda ya tashi a Roma, ko bawa ne, ya san baƙin hayaƙin da ke kan fuskokin nan shi ne darajarsu, shi ke nuna gida ya daɗe. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya tashi inda babu irin akwatunan nan. Sannan ka tuna abin da ka ce jiya a wurin cin abinci, Numerius?"

"Me na ce?"

"Ka ce fuskokin gidan Ofellus farare ne kamar cuku, jiya-jiya aka ƙera su, namu kuwa hayaƙin shekara ɗari ne a kansu. Kana rufe baki yarinyar nan ta ce kanta na ciwo ta tashi."

"Baba, ka yafe mini," in ji Sabidia cikin kuka. "Na ji an ce baƙi za su gani. Na leƙa na ga duk kunkunniya, na ce kada a ce matan gidan nan ƙazamai ne. Da babban na fara, da niyyar in bi sauran. Da na ji maganarka sai na ce bari in mayar masa da hayaƙinsa. A garinmu kwana ɗaya cuku ke yi ya yi duhu."

"Cuku!" Numerius ya dafe kai. "Konsul guda, cuku! Yanzu Ofellus zai ce a kasuwa muka sayo kakan ma. A rufe akwatin, a ce wa mutane ba ni da lafiya."

"Ka dai duba ɓarnar tukuna," in ji Mindia, ta yaye mayafin.

Kowa ya matso ya leƙa. Tun kafin a haifi kowa a cikinsu fuskar nan baƙin dunƙule ce, ido da baki kawai ake ganewa. Yanzu kanwa ta cire dauɗar, hayaƙin kwana ɗaya kuma ya ba ta launin fatar mai rai. Ga hanci ya karkace hagu. Ga leɓen ƙasa ya zazzago. Ga ƙari kamar ƙwayar wake a gefen gira. Aulus ya dubi fuskar, ya dubi ubansa, ya ja da baya.

Numerius ya kai hannu ya taɓa nasa hancin, ya taɓa ƙarin da ke gefen girarsa. Bai taɓa ganin kakansa ba. Kuma abin da bai taɓa faɗa wa ko yayarsa ba shi ne, maganar Ofellus ta daɗe tana cinsa a rai, har yakan tsaya gaban baƙar fuskar nan yana tambayar kansa ko gaskiya ce. Sai ga dattijo, sanata guda, yana hawaye yana dariya a lokaci ɗaya, don daɗi ya yi masa yawa.

"Yaya, ashe haka muke da muni tun asali?"

"Kai dai. Ni uwarmu na biyo. Sirus, buɗe ƙofa!"

Jama'a suka ɓarke cikin zaure. Mindia ta tsayar da ƙaninta a jikin bango, ta ɗaga fuskar daidai kafaɗarsa. Wani tsohon soja a gaba ya fara ƙyaƙyata dariya, ya ce, "Kai! Wannan hancin ba a sayar da shi a kasuwa!" Zauren ya ɗauka da shewa. Aka saki Tukka daga madafa, ya leƙa sau ɗaya, ya fita a guje da burodi a hannu. Kafin rana ta take, labari ya gama dandali, har an ce Ofellus ya fasa fitowa cin abincin rana.

Washegari a Filin Mars, inda ake kaɗa ƙuri'a, mutane sun yi ta zuwa kusa don su ga hancin da idonsu, kuma da yamma aka yi shelar Numerius Mindius konsul. Ya dawo gida da rakiyar masu kiɗa, bai tsaya ko'ina ba sai gaban surukarsa. Ya kama hannuwanta biyu a gaban kowa.

"'Yata, gobe a sayo miki kanwa buhu guda. Ki wanke min su duka, tun daga farkon bango har ƙarshe."

"Kada ki kuskura," in ji Mindia. "Wannan ya yi kama da mu, mun gode. Sauran kuwa, ba mu san da wa za su yi kama ba."