Ranar da Na Hana Baba Ɗori

"Ban ce kada na sake ganin ƙafarka a ƙofar gidan nan ba?"

Muryar Yaya Sabiru ce, wana. Na saki kwanon da nake wankewa na fito a guje, ko mayafi babu. Musaddiƙ, saurayina, na zaune a kan babur ɗinsa, ko kashe shi bai yi ba. Laifinsa ɗaya a wajen Yaya, dako yake yi a kasuwar hatsin Babura, ni kuma ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya.

"Yaya, gaisuwa kawai na zo..."

Bai ƙarasa ba. Yaya ya shaƙo kwalarsa, ya ɗaga shi kamar buhun gero ya maka shi da ƙasa. Da tsakar ka ya sauka a kan dakalin siminti. Har cikin haƙorana na ji ƙarar. Sai da ya ƙara masa ƙafa biyu a haƙarƙari kafin maƙwabta su rirriƙe shi.

Can sai ga Musaddiƙ ya miƙe. Jama'a suka hau hamdala, wai ai da sauƙi tunda ya tashi da ƙafarsa.

Ni kuwa na ƙura masa ido. Ya tallafe kansa da hannu biyu, ɗaya a haɓa ɗaya a ƙeya. Da na kira sunansa, jikinsa gaba ɗaya ya juyo, wuyan bai motsa ba.

"Masoyina, ina ke maka ciwo?"

"Ƙeya... Ji nake kamar kan zai zame ya faɗi, Bahijja. Yawu ma da ƙyar yake wucewa."

Mun yi wannan a aji. Ƙasusuwa biyun farko da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai raminsu na da faɗi, shi ya sa mutum kan karye a nan ya tashi yana tafiya, don laka ba ta taɓu ba tukuna. Murɗa ɗaya kawai ta rage, numfashi ya tsaya.

Sai ga Baba. Mahaifina mai ɗori ne, har daga Roni da Gwiwa ake kawo masa karaya, kuma ban taɓa ganin ƙafar da ya ɗora ta karkace ba.

"Targaɗe ne," in ji shi. "Ku zaunar min da shi a zaure. Ja ɗaya zan yi ya koma."

"Baba, don girman Allah kada ka taɓa wuyan nan. Asibiti za a kai shi."

"Asibiti? Su tambayi wanda ya yi, 'yan sanda su tafi da wanki? A nan za a gyara, a nan maganar za ta mutu."

Ya lakato man shanu yana murzawa a tafinsa, yana tofi. Na sha gabansa. Ni da ban taɓa haɗa ido da Baba ba, yau na damƙe wuyan hannunsa da hannu biyu.

"Sai dai ka fara karya nawa."

Yaya ya ƙwace daga masu riƙonsa ya ɗauke ni da mari, leɓena ya fashe. Ban saki ba. Ya zaro itacen girki ya sheme min a dantse, hannun ya saki ya faɗi kamar ba nawa ba. Na riƙe Baba da ɗayan.

"Ka kashe ni, Yaya! Gara ni da ka zama mai kisan kai, Baba ya ƙarasa maka!"

Musaddiƙ ya yunƙura zai taso.

"Kada ka motsa," na ce, jini na zuba a rigata. "In kana sona, kada ka motsa."

Ya tsaya cak, hawaye na bin yatsunsa. Baba ya dubi jinin, ya dube ni, sannan ya goge man a jikin rigarsa.

Ƙyauren zauren aka ciro. Muka kwantar da Musaddiƙ a kai a hankali, na sa aka danne gefen kunnuwansa da ƙullin gero biyu, aka ɗaure goshinsa da ɗankwalina. A bayan a-kori-kura muka tafi Kazaure, daga nan suka tura mu Kano.

Likita ya ɗaga hoton ƙashin wuyan da aka ɗauka yana shirin bayani. Baba ya san ƙashi, ba sai an faɗa masa ba. Ya ɗora yatsa daidai kan tsagar da ke ƙashi na biyu, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Da na ja fa?"

"Da a hannunka zai cika, Baba," in ji likitan.

Baba ya sulale ya zauna a ƙasa. Yana nan zaune ɗan sanda ya zo da takarda, ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aikar. Na sunkuyar da kai. Musaddiƙ, da aka riga aka tallafe masa wuya da abin roba, ya ce wai daga babur ya faɗo.

"Ba daga babur ba ne," Baba ya katse shi. "Ɗana ne. Sunansa Sabiru, yana gida. Ita ma wannan hannun nata, shi ya yi mata."

Ya miƙe da ƙyar ya matsa bakin gadon, ya sunkuya daidai inda Musaddiƙ zai gan shi ba sai ya juya ba.

"Yaro, ka yafe mana. In ka warke ka turo manyanka."

Na fashe da kuka a jikin bango. Har yau ban san wanda na yi wa kukan ba, Musaddiƙ da yanzu yake mijina, ko wana.