Kafa ta Huɗu a Bayan Talabijin

Ƙarfe biyar da kwata na yammacin Talata aka bugo waya ofis cewa an tarar da gawar wani mutum a gaban talabijin. Sufeto yana shirin tashi daga aiki ke nan. Ya mayar da makullin motarsa aljihu, ya ce wa Saje ya ɗauko littafi.

Gida ne mai ɗaki uku a hawa na biyu. Matar da ta buɗe musu ƙofa malamar makaranta ce, har lokacin da ƙurar alli a hannun rigarta. Ba ta jira an tambaye ta ba.

"Ni na kashe shi," ta ce. "Ni na saya masa talabijin ɗin."

Shekarar Sufeto ashirin da biyu a wannan aiki, kuma bai taɓa ganin mai kisa ya tari ɗan sanda a bakin ƙofa da irin wannan magana ba. Ya ce ta nuna masa ɗakin.

Mamacin ƙaninta ne, kowa Auta yake ce masa, shekararsa talatin da ɗaya. Farfaɗiya gare shi tun yana yaro, irin wadda walƙiyar haske ke tayarwa. Cutar ce ta hana shi aiki, ta hana shi aure, ta bar shi a gidan yayarsa shekara tara. Wasan gem na talabijin ne kaɗai fitarsa.

Ɗakin babu tebur, babu kujera mai kaifi. An naɗe kowace kusurwa da soso, an shimfiɗe ƙasa da katifa. Auta yana kwance rigingine, hannunsa na dama rataye cikin bandeji. Talabijin ɗin na jikin bango a kunne, gem ɗin ya tsaya cikin wani kogo mai duhu, hasken yana tsalle, ya dushe ya dawo, ya dushe ya dawo.

"Kai, yallaɓai," in ji Saje yana murza ido. "Ni mai lafiya ma kaina ya fara juyawa."

Likitan da ya duba gawar ya ce shaƙewa ce. Ciwon ya kayar da shi a kan bayansa, babu kowa kusa. Da an samu wanda ya juya shi gefe, da yanzu yana zaune yana shan ruwa.

Malama ta ji wannan da kunnenta. Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Shekara tara ina kwana a bakin ƙofar nan," ta ce. "Na ɗauke tebur, na sauya ƙwan fitila, na hana shi tagar da ke kallon titi. Sai kuma na ɗauko ajalinsa da hannuna na kafa masa a bango. Sufeto, in talabijin ɗina ce ta kashe shi, ban san yadda zan ci gaba da rayuwa ba."

Tausayinta ya kama Sufeto, shi da ba ya yi wa kowa alkawari. "Malama, ki ba ni kwana uku," ya ce. "Zan gaya miki ko ke ce ko ba ke ba ce."

Mijinta yana tsaye a falo, dogon mutum mai sanyin murya, shi ke kula da siton wani kamfanin taliya. Baban Nana matarsa take ce masa, don 'yarsu ɗaya ce, tana makarantar kwana.

"Ina kake da rana?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ina wurin aiki har biyar, sai da ta kira ni."

"Kana taɓa talabijin ɗin?"

"Ni? Ko tasha ban iya canjawa ba, ranka ya daɗe. Sai dai a tambayi wanda ya kafa ta."

Washegari da safe suka je shagon mai gyaran da ya kafa talabijin ɗin. Injiniya ake ce masa, duk da babu wanda ya taɓa ganin takardarsa. Da ya ji abin da ya faru, sukudireba ta faɗi daga hannunsa.

"An ce aikinka ne ya kashe mutum," in ji Saje, wanda a ganinsa rabin bincike tsoratarwa ne.

"Wallahi na kashe abin nan! Sau biyu ma na kashe shi."

"Wane abu?" in ji Sufeto. "Yi min bayani a hankali, ni rediyo na sani."

Injiniya ya jawo kujera. "Talabijin tana sauya hoto sau sittin a sakan ɗaya, ba ta ƙari ba ta ragi. Ita kuwa na'urar gem wani lokaci ta aiko hoto sittin, wani lokaci arba'in, gwargwadon nauyin wurin da ake wasa. In ba su taka tare ba, sai ka ga hoton ya tsage biyu. Shi ne aka ƙirƙiro wani saiti, VRR, wanda ke sa talabijin ta riƙa jiran na'urar, ta bi saurinta. Hoto ya yi sumul."

"To mene ne aibinsa?"

"A mafi yawan talabijin babu. Amma irin gilashin waccan, in an kunna shi kuma aka shiga wuri mai duhu, duk lokacin da sauri ya sauya haske ma sai ya sauya. Sai ta kama walƙiya. Malama ta gaya min ciwon ƙaninta tun ranar farko. Na kashe saitin a cikin talabijin, na kashe shi a cikin na'ura. Kuma kafar saka waya huɗu ce a bayanta, ta huɗun kaɗai ke ɗaukar VRR. Na sa waya a ta ɗaya, na liƙe ta huɗu da jan salatif."

"Zai iya kunna kansa?"

"Saiti ɗaya dai, wataƙila, in na'ura ta sabunta kanta. Amma waya ba ta tashi ta sauya kafa, yallaɓai."

Suka koma gidan da shi. Talabijin ɗin a manne take da bango, ko yatsa ba ya shiga bayanta. Sai da Saje ya tallafe ta da hannu biyu, yana nishi, ya ɗaga ta daga ƙugiyarta. Wayar na'urar gem tana cikin kafa ta huɗu. Jan salatif ɗin an ɓare shi an manna a gefe.

Baban Nana ya leƙo daga ƙofa. Ya yi ajiyar zuciya.

"Ban so in faɗa gaban yayarsa ba," ya ce. "Auta ya sha yin ƙorafi cewa hoton yana tsagewa. Ina jin shi ya sauya da kansa. Allah ya jiƙansa, yana da taurin kai."

Sufeto ya juya wajen Malama. "Me ya samu hannunsa?"

"Kafaɗarsa ce ta goce, kwana goma ke nan, a faɗuwar da ya yi. Ko cokali da hagu yake riƙewa. Jiya da safe ma asibiti na kai shi aka duba kafin in wuce makaranta."

"Wa kuka bari a gida?"

"Baban Nana. Shi yake rufe ƙofa."

Ta faɗi haka ne ba tare da ta ji abin da ta faɗa ba. Tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba, idanunta sun faɗa. Sufeto ya dubi Saje, wanda har lokacin yake tausa kafaɗunsa saboda nauyin talabijin.

A kan matakala ya tsayar da Injiniya.

"Ban da Malama, wa ya san zancen kafa ta huɗu?"

"Babu." Ya sosa ƙeya. "Sai dai wani da ya bugo min waya makon jiya. Ya ce daga gidan yake, yana so ya tabbatar abin walƙiyar nan a kashe yake, in gaya masa inda zai duba. Na gaya masa duka, ɗaya bayan ɗaya. Har na ce masa Allah ya saka da alheri, ba kowa ke kula da mara lafiya haka ba."

Lambar tana nan a wayarsa. Saje ya kira. Wata mata ta ɗauka, ta ce nan siton kamfanin taliya ne, wa ake nema?

Maigadin siton dattijo ne mai son aikinsa fiye da kima, ko kare ya shiga sai ya so rubuta shi. Ya buɗe musu littafin ƙofa. Ranar Talata mai kula da sito ya fita uku saura kwata, ya dawo huɗu da minti ashirin.

"Ya ce min kantin magani za shi," in ji maigadi. "Da ya dawo ko sallamata bai amsa ba, shi da kullum sai ya tsokane ni."

Ƙarfe uku Auta yake fara wasa kullum. Sufeto ya rufe littafin. Bai ji daɗin komai ba, gara masa a ce Injiniya ne ya yi sakaci.

Ranar Alhamis da hantsi aka kira Baban Nana ofis. Malama ta ce sai ta biyo shi, don yau ce rana ta uku da alkawarin da aka yi mata. Sufeto ya so ta jira a waje, ta ƙi.

"Ka ce kana wurin aiki har biyar," in ji Sufeto.

"Haka ne."

Ya tura masa littafin maigadi. "Ka ce ko tasha ba ka iya canjawa ba." Ya tura masa takardar kiran waya. "Ka ce Auta ne ya sauke talabijin da hannu ɗaya, talabijin da ta kusa karya Saje."

Baban Nana ya daɗe yana kallon takardun. Sannan ya zaro wayarsa daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Yana ciki," ya ce. "Na kasa gogewa."

Bidiyo ne na minti shida, an ɗauka ta ƙofar ɗaki da aka ɗan buɗe. Sufeto ya kashe sautin, ya juya fuskar wayar daga wajen Malama. Auta yana shiga kogon a cikin gem, haske ya fara tsalle, ya kai hannun hagu zai rufe ido, bai kai ba. Saura duk faɗuwa ce da karkarwa. Mai ɗaukar bai motsa daga inda yake ba.

"Me ya sa?" in ji Sufeto.

"Ba kashe shi na yi niyya ba, Allah ne shaidata." Ya dubi wayar. "Akwai gidan jinya da suka ce za su karɓe shi in likita ya rubuta cewa gida ba zai iya da shi ba. Likita ya ce sai ya ga faɗuwa mai tsanani da idonsa. Ita kuma duk faɗuwar da ya yi sai ta ce ƙarama ce. Shekara tara, ranka ya daɗe. Matata a tabarma take kwana a bakin ƙofar wani. 'Yata mun tura ta makarantar kwana tana da shekara takwas saboda tana firgita. Na ce sau ɗaya kawai, in ɗauka, in nuna, a kai shi inda za a kula da shi, mu ma mu zauna kamar mutane."

"Ka san ana juya shi gefe?"

"Na sani. Na juya shi ya fi sau ɗari."

"To me ya hana ka?"

"Kullum minti biyu yake yi ya lafa. Na ce bari ya kai uku, don likita ya yarda. Da ya kai uku na ce huɗu." Ya rufe fuska da tafin hannu. "Da na shiga ya riga ya yi shiru. Na ja ƙofar na koma wurin aiki."

Saje, da bakinsa ba ya rufuwa, ya sunkuyar da kai yana rubutu.

"Maman Nana," in ji mijin. "Ki dube ni."

Ba ta dube shi ba. Saje ya sa masa ankwa, ya kama gwiwar hannunsa, suka fita ta ƙofar baya zuwa sel.

Sufeto ya gyara takardun gabansa, ya sake gyara su. Ya yi wa matar nan alkawari, dole ya cika.

"Malama, ba ke ba ce," ya ce. "Talabijin ɗin da kika saya an kafa ta daidai. Da ba a taɓa ta ba, da babu abin da zai same shi. Ba ki da laifi ko kaɗan."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ranar Talata ƙanina kaɗai na rasa," ta ce. "Ina da miji, 'yata tana da uba, laifin kuma nawa ne, da na san yadda zan yi da shi. Da ka bar min laifin, Sufeto."

Sufeto ya tattara takardun gabansa.

Ta miƙe, ta dafa tebur. Sannan ta tambaye shi ko akwai wanda zai kai ta tasha, don ranar Asabar ce ziyarar iyaye a makarantar Nana, kuma ba ta so yarinyar ta ji daga bakin wani.